Ziyarar Luksor da ɗan jagora: abin da ya kamata a daidaita kafin a biya kuɗi

Ɗan Azhar:
Assalamu alaikum. Iyayenmu da ke zuwa Alƙahira neman magani ko duba 'ya'yansu ɗalibai suna yawan tambayar yadda ake zuwa ganin kaburburan Fir'aunoni. Bari in ajiye abin da na sani, waɗanda suka je su ƙara.

Luksor tana kudu da Alƙahira da kimanin kilomita 650: awa 1 a jirgin sama, wajen awa 10 a jirgin ƙasa na dare. Kogin Nilu ya raba wurin biyu. Gari yana gabas, tare da haikalin Karnak da haikalin Luksor. Kwarin Sarakuna, haikalin sarauniya Hatshepsut da haikalin Madinat Habu suna yamma. Kamfanoni suna sayar da "gabas da yamma a yini ɗaya", amma wanda ke da hali ya raba shi kwana biyu. Kafin ka ba da ko sisi, ka sa a rubuta maka abu huɗu ta WhatsApp: ko tikitin shiga yana cikin kuɗin, ƙarfe nawa mota za ta ɗauke ka, minti nawa za a yi a Kwarin Sarakuna, da ko za a tsaya a shagon masu sassaƙa dutse. Wannan na ƙarshen shi ke cinye lokaci, domin jagora yana samun kamasho a kan duk abin da ka saya, sai ka ga minti 45 sun tafi a shago alhali kaburbura sun samu awa ɗaya kacal.

Malam Na Gabar Yamma:
Wa alaikumus salam, Malam, ka taɓo inda ke ciwo. Ga yadda Kwarin Sarakuna yake. Kaburburan sun haura 60, kowanne da lambarsa mai farawa da KV, amma kaɗan ne ke buɗe a lokaci guda. Ana juya su ne saboda numfashi da gumin jama'a suna kawo danshi, danshin kuma yana ɓata fentin bango. Tikitin gama-gari na kabari uku ne, mai gadi yana huda shi a ƙofar kowanne. Huda uku, shi ke nan. Kabarin Tutankhamun (KV62), na Seti na I (KV17) da na Ramsis na V da na VI (KV9) kowanne da tikitinsa daban, kuma tun a wurin sayar da tikiti na bakin shiga ya kamata a saye su, kafin a hau ƙaramar motar da ke kai mutane cikin kwarin. Wanda ya bari sai ya isa ƙofar kabari, komawa baya zai yi cikin rana.

Abin da mutane ba su sani ba: ba a barin ɗan jagora ya yi bayani a cikin kabari. A waje zai tara ku a inuwar rumfa, ya nuna hotuna, ku shiga ku kaɗai. To a saurara da kyau a nan, a kuma tambaye shi takamaimai wane bango, wane ɗaki, sama ko ƙasa.

Idan suna buɗe, ukun da nake ba da shawara su ne Ramsis na IV (KV2), Ramsis na III (KV11) da Merenptah (KV8). Na farkon yana kusa da ƙofa, hanyarsa miƙaƙƙiya ce, launukansa ras, ga ƙaton akwatin gawa na dutse a ƙarshe. A na Ramsis na III ku lura da inda hanya ta karkace: masu haƙa ne suka ɓulla cikin kabarin da ke maƙwabtaka, dole suka sauya akala. Na Merenptah yana da zurfi, gangarowa ba wuya, hawowa ce aiki. Wanda zai ƙara tikiti ɗaya tak, ya ƙara na KV9, ya je ɗakin ƙarshe ya ɗaga kai ya kalli rufin. Na Seti na I ya fi kowanne kyau, tsawonsa ya haura mita 130, sassaƙar bangonsa ba ta da tamka a kwarin, sai dai kuɗinsa ya ninka na sauran nesa ba kusa ba.

Hajiya Umman Yara:
Malam, ban yarda a jingine Tutankhamun gefe ba. Gaskiya ne kabarin ƙarami ne, matakala 16 sai ɗakuna 'yan kaɗan, kuma ɗakin binnewa kaɗai ke da zane. Kayan da Howard Carter, Baturen da ya gano kabarin, ya tarar a 1922, sama da 5,000, kusan duk an kwashe su zuwa gidan tarihi, ba su nan. Amma gawarsa tana ciki a akwatin gilashi, kuma ita ce gawar sarki da mai ziyara ke gani a kwarin. Ga wanda ya taho da yara, wannan ya isa dalili.

Ga masu tafiya da dattawa kuma: cikin kabari ba sanyi kamar yadda ake zato, iska ba ta zagayawa, ya fi waje cunkushewa. Mai ciwon gwiwa ko hawan jini ya tsaya a KV2 da Ramsis na IX (KV6), ya bar Merenptah. A sa takalmi rufaffe mai kama ƙasa, domin katakon da aka shimfiɗa yana da santsi saboda ƙura. Doguwar abaya tana harɗe ƙafa a matakala, a ɗan tattare ta. Ruwa lita 2 ga kowane mutum, a saya a gari, na cikin kwarin tsada gare shi.

Baban Khalifa:
Hajiya, to ina gawar Fir'aunan Annabi Musa (AS)? Na ɗauka a can take.

Ɗan Azhar:
Alhaji, ba ta can. Gawarwakin sarakuna da sarauniyoyi 22 an mayar da su gidan tarihi na Fusɗaɗ a Alƙahira a watan Afrilun 2021, ciki har da Ramsis na II da ɗansa Merenptah. Waɗannan biyun su aka fi ambata idan ana batun Fir'aunan Annabi Musa, amma masana ba su tsaya a kan ɗaya ba. Duk jagoran da ya nuna maka ya ce tabbas wannan ne, ra'ayinsa ya faɗa. Wanda gawar ce ta kai shi, ya ware rabin yini a Alƙahira.

Injiniya Mai Zane:
Ni Karnak zan yi magana a kai, domin a nan aka fi zaluntar mai ziyara. Tawagar yini ɗaya takan iso bayan azahar, kowa ya jigata, a ba su awa ɗaya. Wurin yana buƙatar awa 2 zuwa 3, kuma da sassafe. Babban zauren ginshiƙai yana da ginshiƙi 134, guda 12 na tsakiya sun kai kimanin mita 21. An ɗaga na tsakiyar ne don a samu tagogin dutse a sama da haske zai shigo, har yanzu akwai ragowarsu. Ku dubi ƙarƙashin duwatsun da aka gitta a saman ginshiƙai, can fentin asali ya tsira tunda rana ba ta kai masa. Jagora yakan wuce da ku kai tsaye zuwa dogon dutsen Hatshepsut mai kusan mita 30 da tafkin ibada, ya ce a yi hoto a fito. Ku nemi minti 30 na kanku a zauren.

Haikalin Luksor kuwa a bar shi sai bayan la'asar, yana buɗe har dare kuma ana kunna fitilu. Masallacin Abul Hajjaj yana bisa wani sashe na haikalin, ana sallah a cikinsa, ƙofarsa ta wajen gari take. A ƙofar haikalin za ku ga dogon dutse ɗaya maimakon biyu, ɗan'uwansa yana birnin Faris na Faransa, inda aka kafa shi a 1836. Hanyar gumaka mai kilomita 2.7 da ta haɗa shi da Karnak an buɗe ta a Nuwamban 2021, amma babu inuwa ko kaɗan, kada a bi ta da rana.

Malam Na Gabar Yamma:
Haka yake, Injiniya. Rashin inuwar nan ya shafi haikalin Hatshepsut ma: hawa uku a gindin dutse, zafi na dawowa daga dutsen. Daga Mayu zuwa Satumba zafi yana wuce digiri 40. Wuraren suna buɗewa ƙarfe 6 na safe, a ce wa jagora ƙarfe 6 ɗin ake so a kasance a ƙofa, kafin manyan motoci su iso daga garin Hurghada na bakin Bahar Maliya. Idan lokaci ya rage, a roƙi Madinat Habu a madadin shago. Jama'a kaɗan ne, fentin rufinsa kuma yana nan.

Hajiya Umman Yara:
Batun kuɗi. Yawancin wuraren sayar da tikiti yanzu katin banki suke karɓa, kuma katunan naira sukan ƙi aiki a waje. A gwada katin tun a Alƙahira, ko a sa jagora ya saya da nasa a ba shi kuɗi, amma a karɓi tikitin a hannu a duba farashin da ke jikinsa. Ɗalibai su riƙe katin shaida, ana rage musu rabi. Sannan a tanadi canjin fam (kuɗin Masar) ƙanana: mai bayan gida, direba, mai kwale-kwale, kowa na jiran na goro. Mai gadin da ya haska maka tocila ko ya karɓi wayarka zai ɗauke ka hoto, kuɗi yake nema, "la, shukran" (a'a, na gode) ta wadatar. Idan ya ce ka tsallake igiya ko ka taɓa bango, kada ka yarda, maiƙon hannu yana lalata zanen da ya haura shekara 3,000. Hoto da waya babu laifi, amma a kashe filasha.

Baban Khalifa:
Na gode, Allah ya saka. Haikalin Abu Simbel fa, ana haɗa shi da Luksor?

Injiniya Mai Zane:
Ba a yini ɗaya ba, Alhaji. Sai an je garin Aswan da ke kudu da Luksor, daga can kilomita 280 ne, awa 3 zuwa 4 a mota, ana tashi wajen ƙarfe 4 na asuba. A faɗa wa direba tun da dare cewa za a tsaya sallah, a yi alwala kafin a fito. A guji 22 ga Fabrairu da 22 ga Oktoba idan ba a son cinkoso, ranakun da hasken rana ke shiga har ƙuryar haikalin ne. Mai tahowa daga Najeriya ko Nijar kuma kada ya manta da katin allurar shawara tare da fasfo, ana iya nemansa a filin jirgin Alƙahira.