Ta yaya ake sanin halin kifin wel alhali a ƙarƙashin ruwa yake rayuwa?

Malamar Kimiyya, Gwale:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina shirya darasi kan dabbobin teku ga ɗaliban babbar sakandare, ina neman masana su warware mini wani abu. Kifin wel yana fitowa ya shaƙi iska na ɗan lokaci, sai ya nutse ya ɓace. To ta yaya ake sanin abin da yake yi a can ƙasa, har a ce ya nutse mita kaza, ko kuma saura guda kaza a duniya? Da waɗanne kayan aiki, kuma a ina lissafin yake kuskurewa? Sannan yaran Kano da babban ruwan da suka sani shi ne Tiga, me zan nuna musu da ya shafe su?

Ɗan Kurna:

Wa alaikumus salam Malama. Ki fara gyara musu sunan. Kifi muke ce masa, amma ba kifi ba ne: da huhu yake numfashi, haihuwa yake yi, kuma nono yake shayar da ɗansa. Numfashin nan shi ya ba masu bincike kafa, tunda tilas ne ya fito.

Ƙidaya ta dogara ne da gane kowanne da kamanninsa, yadda makiyayi ke sanin shanunsa ɗaya bayan ɗaya. Wel mai doro idan zai yi dogon nitso yakan ɗaga wutsiyarsa sama. A ƙarƙashinta akwai zanen fari da baƙi, ga tabo, ga gefenta mai kama da haƙoran zarto, kuma ba a samun biyu iri ɗaya. Sai a bi shi ta baya a ƙaramin jirgi, a ɗauki hoton wutsiyar, a rubuta rana da wurin. Yanzu ana zuba hotunan a rumbu irin Happywhale, kwamfuta ta daidaita su da na baya.

Ga lissafin, da lambobin misali kawai. A ce bana an gane guda 100. Baɗi an koma an ɗauki hoton 80, sai aka tarar 20 daga cikinsu tsofaffin sani ne. Wato kashi ɗaya cikin huɗu. Sai a ninka 100 da 80 a raba da 20, ya ba da 400. Kuskuren ta wuri biyu yake shigowa. Idan hoto ya yi dishi-dishi ko an ɗauke shi a karkace, sai a ɗauki tsohon sani a matsayin baƙo, 20 ɗin nan ta ragu, adadin ya kumbura, a zaci dabbar ta fi yadda take yawa. Wannan ya fi haɗari, domin yana sa hukuma ta saki jiki. Na biyu, ba kowanne ne ke ɗaga wutsiya ba. Jarirai ba kasafai suke yi ba, kuma zanensu yakan canza kafin su girma, shi ya sa ake cire su daga lissafin.

Injiniya, Sharaɗa:

Malam Ɗan Kurna ya gama da abin da ke sama, bari in shiga ƙasa.

Akwai na'urar da ake mannawa a bayan dabbar, wadda ta fi shahara ita ce DTAG da aka ƙera a cibiyar Woods Hole ta Amurka. Ba ta fi ƙaramin littafi girma ba. Tana da kofunan roba huɗu masu tsotsar fata, irin aikin ƙahon wanzami sak, sai dai babu tsaga. Ana ɗora ta a bakin doguwar sanda mara nauyi, jirgi ya matso a hankali ta gefe, daidai lokacin da bayan ya fito a buga ta. A cikinta akwai ma'aunin nauyin ruwa da ke ba da zurfi, ma'aunin motsi da ke nuna juyawa da bugun wutsiya, kamfas, da makirufo. Idan an haɗa su za a zana duk hanyar da ya bi a cikin duhu, har daidai inda ya buɗe baki ya ci abinci.

Sa'o'i kawai take yi, idan an yi sa'a ta kwana. Fatar wel tana saɓulewa kullum, kofin na iya tafiya da ɓawon fatar tun kafin lokaci. Kuma bayanan a cikinta suke, ba ta aikawa. Idan ta faɗi sai ta taso saman ruwa tana fitar da siginar rediyo, a bi ta da eriya a ɗauko. Igiyar ruwa ta tafi da ita cikin dare, aikin ya tafi ke nan.

Wadda ake so ta daɗe makonni kuwa kafa ta ake yi a fiffiken baya da ƙananan kibiyoyi, tana aika taƙaitaccen bayani ta tauraron ɗan'adam duk sanda dabbar ta fito. Da irinta aka gano wel mai dogon baki na Cuvier ya kai zurfin mita 2,992, aka wallafa a 2014, sannan a 2020 aka ba da rahoton nitso ɗaya na minti 222. Ki faɗa wa yaran da hausarsu: awa uku da minti arba'in da biyu da numfashi ɗaya. Amma tana barin rauni, don haka ba a yi sai da izini da dalili mai ƙarfi.

A ganina saurare ya fi duka muhimmanci. Haske ba ya nisa a teku, sauti kuwa yana gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa, a iska kuma 340. Da kunne waɗannan dabbobi ke rayuwa. Roger Payne da Scott McVay sun nuna a 1971 cewa kukan wel mai doro waƙa ce mai tsari da maimaici. Maza ne ke yinta, duk mazan yanki guda salo ɗaya, kuma salon yana sauyawa yana yaɗuwa, har an bi sawunsa daga gabashin Ostireliya zuwa tsibiran da ke gabas da ita. Ana ajiye makirufo a ƙasan teku watanni. Idan aka jera uku ko fiye, bambancin lokacin da sautin ya isa kowanne shi ke nuna inda dabbar take, muddin agogunansu ba su saɓa ba. Shiru dai ba ya nufin babu kowa, tunda mata ba sa waƙar.

Hajiya Mai Nazarin Muhalli:

Malama, kan sashe na ƙarshe na tambayarki. Hukumar kula da farautar wel ta duniya ta yanke dakatar da farautar kasuwanci a 1982, ta fara aiki a 1986. Wel mai doro ya farfaɗo sosai bayan nan. Japan ta fice a 2019 ta koma farauta a ruwanta. Amma yau abin da ya fi kashe su igiyar masunta ce da karon jirgi. Akwai wani nau'in wel na daban a arewacin tekun Atlantika da waɗanda suka rage ba su kai 400 ba, kuma saboda an san kowannensu da hoto, an san abin da ke kashe su. Da wannan hujjar Amurka ta sa doka a 2008: jirgin da ya kai ƙafa 65 kada ya wuce gudun kusan kilomita 18 a awa a wasu yankuna, a wasu watanni.

Mu ma muna da rabo. Wel mai doro yana tasowa daga ruwan ƙanƙara na kudu ya zo Mashigin Gini, wato tekun da ke kudancin Najeriya da maƙwabtanta, ya haihu, daga wajen Yuli zuwa Oktoba, daidai yankin da ake neman mai. Jiragen binciken mai suna harba iska mai tsananin ƙara kusan duk daƙiƙa goma. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce mai lura ya duba ruwan minti 30 kafin a fara, a tabbata babu dabba a cikin mita 500, sannan a ɗaga ƙarar a hankali cikin minti 20. Rauninta a fili yake: da dare ko cikin hazo ido ba ya gani, sai an haɗa da makirufo.

Abin da ya fi kusa da yaranki kuwa ayu ne. Shi ma da huhu yake numfashi, yana shayarwa, yana cikin kogin Neja da Binuwai. Ɗa ɗaya ake haifa bayan ciki na kusan shekara, don haka kashe uwa ɗaya babban giɓi ne. Tun 2013 yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin namun daji a duniya, ta haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe. Ga shi kuma sunan man ayu ba baƙo ba ne a kasuwanninmu. Na gaske ne ko jabu, neman da ake yi masa shi ke tura mafarauci kogi, kuma wannan abu yana damuna ƙwarai.

Malamar Kimiyya, Gwale:

Allah ya saka da alheri. Zan iya ce musu ledar da ake zubawa a kwatocinmu tana kaiwa teku?

Ɗan Kurna:

A'a Malama, kada ki faɗi haka. Ruwan Kano da Challawa kogin Haɗeja yake bi, ya shiga Komadugu Yobe, ya nufi Tafkin Chadi, ba ya zuwa teku. Illar ledarmu a nan gida take tsayawa, a magudanai da cikin tumbin dabbobi.

Ki gwada musu ƙidayar a aji. Ki cika kwano da wake, su ɗebi 50 su ɗiga musu tawada, su mayar, a gauraya sosai. Su sake ɗibar 40 ido a rufe, su ƙirga masu tawada, su ninka 50 da 40 su raba da abin da suka samu. Sai a zazzage kwanon a ƙirga na gaskiya a kwatanta. Ki sa rukuni ɗaya su ƙi gaurayawa da kyau: masu tawada za su taru a sama, lissafinsu ya fito ƙasa da abin da ke cikin kwanon, kamar mai binciken da kullum wuri ɗaya yake komawa ɗaukar hoto.