Taƙaitawa: abin da aka faɗa kan sake haɗa injin tsohuwar motar tsere

Jama'a maganar ta yi tsawo, ga abin da na tsinto.

1. Kowa ya yarda kafin ka kwance ko noti ɗaya ka karanta dokar ajin da zaka shiga. A gasar tsofaffin motoci ta FIA, wato hukumar tseren motoci ta duniya, dokar da ake kira Appendix K ake bi, kuma inji sai ya dace da zamanin motar, in ka faɗaɗa silinda fiye da ƙima korarka za'a yi.

2. A kai kuranshaf da bulok gwajin tsagewa, ido baya gani.

3. Baƙin mai, nan aka fi daɗewa kuma gaskiya ya cancanta. Tsofaffin kamshaf suna son mai mai sinadarin ZDDP da ke rage cinyewar ƙarfe, in babu sai su cinye da wuri, sannan tashin farko kar a bar injin a silo, a riƙe wajen 2000 zuwa 2500 rpm (juyin inji a minti ɗaya) kamar minti 20. Kuma a sa shinge cikin kaskon mai don in an sha kwana mai kan gudu gefe ɗaya famfo ya zuƙi iska, metal, wato boris ɗin kuranshaf, ya ƙone.

4. Mazaunin bawul mai tauri, tunda fetur yanzu ba dalmar da ke kare shi.

Inda aka rabu: wasu sunce a koma kafireta Weber, wasu sunce kafireta SU ɗin asali ya isa in an saita da kyau. Haka aka rabu kan tsarin ba fulogi wuta, na kwantak ko na lantarki, wannan sai abin da doka ta yarda. Fistin kuwa mafi yawa sun zaɓi bugagge akan na zubi duk da tsadarsa, nima can na karkata.