Za mu je Alƙahira duba ƙanina na sati ɗaya, a ba ni shawara dan Allah

Ummu_Hanan:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Autanmu ne yake karatu a Azhar, ɓangaren shari'a, tun da ya tafi bai leƙo gida ba saboda tsadar tikiti, to Hajiyarmu ta kafe ita sai ta je ta gan shi da idonta wai a waya taga kamar ya rame. Zamu tafi ni da ita da maigidana da yara biyu, sati ɗaya kacal maigidan ya samu a wajen aiki. Ina ya kamata mu sauka, kuma me zamu iya gani a sati ɗayan? Hajiya tana fama da gwiwa bata iya doguwar tafiya, su kuma yaran ba zancen da suke sai dala da raƙumi. Shi ƙanin nawa duk abinda na tambaye shi sai yace Yaya ku dai taho kawai.

Tsohon_Bu'us:
Wa alaikumus salam. Anti kafin zancen masauki ki fara tambayarsa yaushe ne imtihan ɗinsu, wato jarrabawa, don ana yi ne wajen Janairu sai kuma Mayu zuwa Yuni, in kuka faɗo masa a lokacin wallahi kun haɗa shi da aiki, kunya ba zata barshi ya ce muku yana karatu ba haka zai yi ta yawo daku muƙarrar, wato littattafan da za a yi musu jarrabawa a kai, na jiransa. Hutun tsakiyar shekara bayan imtihan ɗin Janairu yafi, gari da sanyi, amma fa sanyin gaske ne ku riƙo rigunan sanyi musamman na Hajiya. Yuli da Agusta kam zafi ne ba na wasa ba.

Masauki kuma, in a Madinatul Bu'us yake nan Abbasiyya to hostal ne na ɗalibai, ba wajen saukar iyali bane. Ku biyar ne, shaƙƙa, wato gidan haya na fulat, mai kaya a ciki a unguwar Madinatu Nasr ta fi muku otal, ga kicin, ga filin jirgi ba nisa, kuma 'yan Afirka sun cika wajen Hayyul Ashir. Ki ce ya nemo mai lifta ko ta ƙasa saboda ƙafar Hajiya, kuma shi zai yi magana da dillalin ba ku ba, da sun ji baƙo ne kuɗin ya canza.

Hajiyar_Kwari:
Ni saro kaya ke kaini, EgyptAir nake bi daga Kano kai tsaye. Ƙanwata kar ki manta katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawar nan, na kowa har yaran. Rana ɗaya ki ware wa tsohon gari, masallacin Azhar ɗin kansa da aka fara ginawa a 970, ki tsallaka titi ga masallacin Husaini ga Khan Khalili duk waje ɗaya ne, Hajiya ta zauna a masallaci ta huta ku ku shiga kasuwa. Amma Khan Khalili kasuwar 'yan yawon buɗe ido ce, duk farashin da suka faɗa ki taya ƙasa sosai kiyi kamar zaki tafi zasu kira ki. Abaya da mayafai da kayan yara kasuwar Ataba zaki je, sai dai cunkoso, kar ki kai Hajiya can. Uber na aiki lafiya lau, in kuma kun hau metro, jirgin ƙasan cikin gari, akwai taragon mata zalla a tsakiya. Sannan ki kai wa ƙanin naki kuka da daddawa da yaji da busasshiyar kuɓewa, yaran nan ful da koshari, abincin Misirawa, sun ishe su.

Bakatsine_77:
Dala ku tafi da sassafe, Giza ce ƙetaren Nilu kuma daga Madinatu Nasr tafiya ce in go-sulo ya kama. Masu raƙuma ku gama ciniki kafin yaro ya hau, har kuɗin hoto da na saukowa a faɗa a fili. Ni abinda yafi taɓa ni ma ba dalar bace, gidan tarihin Fusɗaɗ ne inda aka mayar da gawarwakin sarakuna da sarauniyoyinsu 22 a 2021, har da Ramsis na biyu, mutum ya tsaya yana kallon wanda ya mulki ƙasa dubban shekaru da suka wuce ga gashin kansa nan. Masallacin Amr bin As yana kusa, shine na farko da aka gina a Masar, kabarin Imamu Shafi'i ma ba nisa. Kuma ku ɗau jirgin ƙasa daga tashar Ramsis ku je Iskandariyya ku ga teku, kilomita ɗari biyu da wani abu ne.

Tsohon_Bu'us:
Malam Bakatsine Iskandariyya da tsohuwa mai ciwon gwiwa a sati ɗaya? A'a gaskiya. Fita da asuba dawowa cikin dare, washegari kowa a kwance. Hajiya ɗanta ta zo gani ba teku ba. Dala, tsohon gari, Fusɗaɗ, in da hali Ƙal'ar Salahuddin, tsohuwar ganuwar nan, da yawon kwalekwale a Nilu da yamma, ya isa haka. Sauran ranakun Anti ki tuƙa tuwo a shaƙƙa ya gayyato abokansa, a nan ne Hajiya zata ga su wa yake zama dasu, kuma a nan zaku ji ainihin halin da yake ciki na kuɗin haya da iƙama, wato takardar izinin zama, don a waya ba zai faɗa ba. Juma'a ce ranar hutunsu, ku daidaita ta faɗo cikin satin.

Ummu_Hanan:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Na kira shi yanzun ashe kuwa satin da muka sa daidai imtihan ɗinsa ne yayi shiru bai faɗa ba, maigidan zai nemi a matsa masa hutun zuwa farkon Fabrairu. Iskandariyya mun cire. Hajiyar Kwari dan Allah in turo miki saƙo ta inbox akan Ataba, akwai kayan da nake son sarowa.