Shin gado na da hannu a yawan kamuwar yaro da nimoniya?

Ɗalibar_Jinya:
Assalamu alaikum malamai. Yara biyu sa'o'in juna, abinci ɗaya, riga-kafi ɗaya, amma ɗaya mura kawai yake yi ta wuce, ɗayan kuma nimoniya na kwantar da shi akai-akai. An ce bambancin ƙwayoyin halitta na garkuwar jiki ne. Yaya abin yake, kuma akwai gwajin da ya kamata a yi?

LikitanYara:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa. A jikin ƙwayoyin garkuwa akwai masu gadi da ake kira TLR. TLR2 na gane ɓawon bakteriya irin su numokokas (bakteriyar da ke yawan kawo nimoniya), TLR4 kuma na gane LPS, wani sinadari a ɓawon wasu bakteriya. Da sun gane baƙo, saƙo na bi ta wasu furotin na cikin ƙwayar, wato MyD88 zuwa IRAK-4, daga nan zuwa NF-kB, wanda ke sa a fitar da sinadaran garkuwa IL-6 da TNF. Su ne ke kawo zazzaɓi, su sa hanta ta ƙera CRP (alamar kumburi da ake aunawa a jini), su kuma kira fararen ƙwayoyin jini zuwa huhu.

Idan MyD88 ko IRAK-4 ya lalace gaba ɗaya, saƙon ya yanke a hanya. An fara bayyana rashin IRAK-4 a 2003, na MyD88 a 2008. Haɗarin shi ne yaron na iya ɗauke da numokokas a jini ko sanƙarau amma jikinsa bai yi zafi sosai ba, CRP ma bai tashi ba, sai a ɗauka ba komai har lokaci ya ƙure. Yawanci cutar na fara bugu kafin shekara 2, tana sassautawa idan ya girma. Sai ya gaji gurɓataccen kwafi daga uwa da uba duka, don haka kowane ciki na da yiwuwar 1 cikin 4. Irin wannan yaro ana ɗora shi kan maganin kariya kullum, a cika masa riga-kafin numokokas, wasu a ƙara musu immunogulobulin (furotin garkuwa da ake samu daga jinin masu ba da jini), kuma da ya canza ko kaɗan a fara maganin allura ba tare da jiran zazzaɓi ba.

MaiBincike:
Likita ya yi bayanin mai tsananin, amma wannan ba kasafai ake samunsa ba. Ƙananan bambance-bambancen ƙwayoyin halittar garkuwa da suka yaɗu cikin jama'a, kamar TLR4 Asp299Gly, ko TIRAP S180L da binciken 2007 ya danganta da kariya daga numokokas, ko sauyin MBL2, tasirinsu kaɗan ne, kuma sau da yawa wani binciken baya tabbatar da na baya. Dalili: yara kaɗan a binciken, cakuɗa nimoniyar bairos da ta bakteriya, da kwatanta marasa lafiya da lafiyayyu waɗanda asalinsu ba ɗaya ba. A ganina ɓarnar kuɗi ce a yi wa yaro waɗannan gwaje-gwajen, domin sakamakon ba zai canza maganinsa ba.

LikitanYara:
Haka ne malam. Yaron da ya yi nimoniya sau 2 a shekara, a fara da hoton ƙirji: idan gefe ɗaya ne kullum, a nemi abin da ya shaƙa ya maƙale. Sai a duba asma, tarin fuka, HIV, ciwon zuciya na haihuwa, tamowa da hayaƙin cikin ɗaki. A ƙirga ƙwayoyin jini, a auna immunogulobulin na jini, wato IgG, IgA da IgM, kuma kada a manta da sikila, domin ita ce gadon da ya fi yawan buɗe wa numokokas ƙofa saboda saifa na daina aiki. Binciken 1986 ya nuna fenisilin na kullum ya rage kamuwa da numokokas a yara masu sikila da kashi 84 cikin 100. Sai duk waɗannan sun fito lafiya ake ɗiban jinin yaron a zuba masa LPS a ɗakin gwaji a ga ko zai fitar da IL-6, sannan a karanta ƙwayoyin halittar.