Wai damfara ce mawaƙi ya hau dandamali ya kunna mana faifai?

Ɗan Birni: Jama'a ni fa raina a ɓace yake tun daren jiya. Mun sayi tikiti, mun sha layi, mun tsaya har ƙafa ta yi tsami, ƙarshe mawaƙin ya fito ba makaɗi ko ɗaya a bayansa sai DJ da kwamfuta, ana kunna waƙar da muke da ita a waya shi kuma yana ta tsalle wai a ɗaga hannu. Ina kallon bakinsa a allo, baki daban sauti daban. Wallahi damfara ce. Kiɗan gaskiya yanzu ya koma ƙananan wurare, ɗakin da mutum hamsin ke cika shi, an rataye zane a bango, wata ta karanta rubutacciyar waƙarta, mai jita na zaune dab da kai har kana jin yatsansa na goga tsirkiya. Manyan wasanni kam sun mutu.

Uwar Ɗaki: Damfara?? Haba ƙanena, ka iya bakinka. Aljihunka ya shiga? An ce zai zo, ya zo, ka gan shi da idonka. Ina damfarar?

Injiniyan Sauti: Malam Ɗan Birni a ina ka tsaya tukuna? Don in a baya kake to hujjarka ta allo ba hujja ba ce. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 ne a daƙiƙa ɗaya, haske kuwa nan take yake iso ka, wanda ke nesa da sifika da mita 100 sai bayan kusan kashi ɗaya cikin uku na daƙiƙa yake jin abin da idonsa ya riga ya gani. Ko mutum da ransa yake rerawa haka za ka ga bakin ya riga murya.

Ɗan Birni: Injiniya na ji. To da ya sauke makirufo yana shan ruwa muryarsa na ci gaba da waƙa fa, shi ma nisa ne?

Injiniyan Sauti: Wannan amshi ne da aka ɗauka tun a sutudiyo ake shimfiɗa masa a ƙasa, shi ya hau kai. Kusan duk mai rawa yana waƙa haka ake masa, numfashi ba zai kai ba. Akwai bambanci tsakanin wannan da mamin zalla inda makirufo a kashe yake.

Mai Ganga: Shimfiɗa ko ba shimfiɗa ba damfara ce, kuma ba 'yan kallo kaɗai ake damfara ba har da mu. A da mutum shida ake ɗauka, mai ganga, mai jita, mai fiyano, 'yan amshi, kowa ya samu na cefane. Yanzu filashi ɗaya ya kore mu duka kuma tikitin bai sauka ba. Kai Injiniya dole ka kare su ai, kai ne mai danna maɓallin.

Injiniyan Sauti: Yaya Mai Ganga kar ka sa ni a ciki, ni abin da aka ba ni nake haɗawa.

'Yar Lauya: A yi hattara da kalmar nan dai. Kafin a ce damfara sai an nuna an yi maka alkawarin abu da niyyar yaudara don a karɓi kuɗinka. Tallar ta ce da makaɗa za a yi? In ba ta ce ba, sai dai ka ce ba a kyauta maka ba.

Mai Ganga: 'Yar'uwa to me ya sa aka ƙwace kyautar Grammy daga mawaƙan nan biyu Milli Vanilli a 1990? Don me China ta sa doka ta hana mamin a wasan da ake sayar da tikiti? Su ba su san doka ba?

'Yar Lauya: Su Milli Vanilli ai ba muryarsu ba ce kwata-kwata, wasu ne suka rera a faifan su kuma suka fito da fuska. Wannan kuwa muryarsa ce. Ba ɗaya ba ne Yaya.

Uwar Ɗaki: Yauwa faɗa masa. Yaron nan tun ba shi da komai nake sauraronsa, ni dai hassada nake gani a zancen nan ba wani abu ba.

Ɗan Birni: Hajiya hassadar me, ni ko waƙar wanka ban iya ba. Kuma kowa ya bar maganata, na ce ƙananan wurare sun fi, ba wanda ya tanka.

Babban Yaro: Ƙananan wuraren da ake zuwa nuna wa juna ilimi? Na je ɗaya, wani ya yi minti ashirin yana kaɗa tsirkiya guda kowa ya rufe ido yana gyaɗa kai, na yi tari aka juyo ana hararata. Ku dai kuna son a ce kun fi mu wayewa.

Mai Zane: Kai ɗan'uwa wannan cin fuska ne. Duk wanda kuke cika fili dominsa a irin ɗakin nan ya koyi riƙe makirufo, gaban mutum goma, in ya yi kuskure a fuskarsu yake gani. Kuma wuraren rufewa suke saboda haya ta yi tsada da ƙorafin maƙwabta kan ƙara. A Birtaniya kaɗai ƙungiyar Music Venue Trust mai kare ƙananan wuraren kiɗa ta ce wurare 125 aka rasa a 2023, wasu sun rufe wasu sun daina sa kiɗa. Ku kuna nan kuna musu kan kalma.

Babban Yaro: Ni ba ɗan'uwanka ba ne a wannan zancen. Ka fara biyan mai jitar da ya yi maka kiɗa ranar baje zanenka.

Mai Zane: Wa ya ce maka ban biya ba? Kawo shaida.

Babban Yaro: An faɗa min.

Uwar Ɗaki: Ni har yanzu jira nake a janye kalmar damfara.

Mai Ganga: Ba za a janye ba Hajiya, ko gobe damfara ce.

Admin: To ya isa haka, bari in taƙaita. Kamar yadda kowa ya gani an tabbatar ba damfara ba ce, Injiniya ya yi bayani na ilimi kuma 'Yar Lauya ta rufe zancen, Ɗan Birni a baya ya tsaya shi ya sa. Maganar Mai Ganga ta rashin aiki ce, muna tausaya masa amma ba ita ake yi ba. Batun ƙananan wurare ba a samu masu goyon baya sosai ba, ni ma gaskiya babban fili na fi so, ka ji dubban mutane na amsa waƙa tare da kai. Mai Zane da Babban Yaro ku je ku ƙarasa taku ta waya. Na rufe.