Neman kalma: me za mu kira "antidote" a shirin makiyaya?

Mai Shirin Karkara: Salamu alaikum malamai. Gobe da safe zan naɗi shiri kan dabbar da ta ci guba. Likita ya turo bayaninsa da Turanci, "antidote" ta tsaya min a wuya. Na sa "maganin guba", amma ban gamsu ba.

Malamar Hausa: Makari. Makarin guba. Tun kaka da kakanni muna da ita.

Likitan Shanu: Malama ta yi daidai. "Maganin guba" ya yi faɗi. Gawayin asibiti da muke ɗura wa dabba magani ne, amma kama gubar kawai yake a ciki kafin ta shiga jini. Makari kuwa na takamaiman guba ne. Saniyar da ruwan wankan kaska ya yi wa yawa, tana dalala, tana zawo, jiki na karkarwa, ƙwayar ido ta tsuke, allurar atirofin ce makarinta. Wadda ta ci takin yuriya, ruwan kal ake ɗura mata.

Ɗan Zango: Makari fa? A ƙauye makarin sammu za a ji, a nufi gidan boka. Ni na ƙirƙiro "karyaguba". Gajeriya ce, ga daɗin faɗa.

Malamar Hausa: Ɗana, ai makari daga karyawar ya fito.

Ɗan Zango: Ku 'yan jami'a in ba daga bakinku kalma ta fito ba, ba Hausa ba ce.

Na Maraɗi: Kuma kullum Kano ke yanke hukunci, mu sai dai mu ji. A nan ma dahi muka fi cewa.

Malamar Hausa: Dafi na maciji da kunama da kibiya ne a wurinmu. Abin da aka ci, guba.

Baba Makiyayi: 'Ya'yana, kuna ta gardama. Akuya ta ci gyauron dawa, kafin a je gari a dawo ta mutu. Ku gaya wa mutane abin yi.

Likitan Shanu: Gaskiya ne Baba. A janye garke daga wurin, a riƙe kwalba ko buhun a nuna wa likita. In maganin kaska ne, a wanke dabbar da sabulu, kada a ɗura manja ko madara, maiƙo na ƙara shigar da gubar jiki.

Mai Shirin Karkara: Zan ce "makarin guba, wato na likita", don tsoron da Ɗan Zango ya ambata.

Ɗan Zango: To, na ji. Amma ni a ajina karyaguba zan ci gaba da koyarwa.