Shin da gaske akwai sirri a cikin miyar kwalba ta manyan kamfanoni?

Maman Sadiya, Garwa

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Sana'ata haɗa barkonon kwalba, wanda nake sarar wa masu shaguna da masu gashin kifi a nan Garwa. Ana yawan faɗar cewa kowane babban kamfanin ƙasar waje yana da haɗin da ya kulle a akwatin ƙarfe, wanda mutum biyu ko uku kaɗai suka sani, amma idan na juya kwalbar Tabasco, ko ta tumatirin Heinz, ko ta Arome ɗin Maggi, sai in tarar an jera kayan haɗin a rubuce. To idan doka ta tilasta musu rubutawa, ina sirrin ya rage? Kuma mai ƙaramar sana'a irina, da me za ta kare nata haɗin daga yaran aikinta da suke ganin komai da idonsu?

Malam Hamadu, Ngaundere

Wa alaikumus salam, Hajiya. Abin da ƙa'idar rubutun jikin kwalba take buƙata shi ne a jera kayan daga wanda ya fi nauyi zuwa wanda ya fi ƙaranci, amma galibi ba ta tilasta bayyana awon kowanne, kuma ta yarda a tara abubuwa da dama a ƙarƙashin kalma ɗaya, irin «épices» (kayan yaji) da «arômes» (kayan ƙanshi) da muke gani a kayan da ke kasuwanninmu.

Ki duba miyar Worcestershire ta kamfanin Lea & Perrins, wadda wasu masu haɗa magunguna biyu suka fara sayarwa a garin Worcester na Ingila a 1837. A jikinta an rubuta ruwan khal, baƙin ruwan rake mai kauri, sukari, gishiri, ƙananan kifayen teku, tsamiya, albasa da tafarnuwa, sannan aka rufe da kayan yaji da na ƙanshi ba tare da an faɗi sunansu ba. Duk mun san tsamiya da tafarnuwa, amma kifin yana daɗewa a cikin gishiri, albasar da tafarnuwar kuma a cikin khal, har kamfanin yana ambaton wata 18 kafin haɗin ya nuna.

Tabasco ta fi ba da mamaki, domin kayanta uku ne kacal: barkono, gishiri da khal. Tun 1868 iyalin McIlhenny suke yin ta a tsibirin Avery da ke jihar Luwiziyana ta Amurka, kuma ba su ɓoye hanyar ba. Ana markaɗa barkonon da gishiri, a zuba a gangar katako, a lulluɓe murfin da gishiri, a bar shi har zuwa shekara 3, sannan a gauraya da khal na kusan wata guda a tace. Masu tsinkar barkonon ma ana ba su wani ɗan jan sanda, wanda suke gwada launinsa da na barkono kafin su tsinka. Wanda ya san duk wannan har yanzu yana buƙatar irin barkononsu, da gangunan, da jarin da zai iya kwana shekara 3 bai dawo ba, kuma a ganina wannan ya fi kowane akwatin ƙarfe tsare musu kasuwa.

Alhaji Abakar, Injamena

Malam Hamadu ya yi bayani mai gamsarwa, amma ni ina ganin rabin abin da ake kira sirri talla ce tsagwaronta. Labarin da Lea & Perrins suka daɗe suna bayarwa shi ne wani basarake da ya yi gwamna a Bengal ta Indiya ya kawo musu haɗin, suka gwada bai ciyu ba, suka manta da gangar a ɗakin ƙasa, da suka buɗe daga baya sai suka tarar ta yi daɗi. Masana tarihi sun bincika ba su sami gwamnan Bengal mai sunan da kamfanin ya ambata ba. Haka lambar 57 da ke jikin kwalbar Heinz, mai kamfanin ne ya zaɓe ta a 1896 don ta yi masa daɗi, alhali kayan da yake sarrafawa sun riga sun haura haka.

Game da Maggi kuwa, Hajiya, babu wani abin al'ajabi. Julius Maggi ɗan ƙasar Suwizalan ya fitar da na ruwan a 1886, dunƙulen ya biyo baya a 1908, Nestlé ta mallaki kamfanin a 1947. Ƙashin bayan ɗanɗanon shi ne gishiri da sinadarin gulutamet, wanda wani masani ɗan Japan, Kikunae Ikeda, ya ware daga ciyawar teku a 1908, kuma shi ne abin da muke saye da sunan farin magi. Ana samun sa idan aka farfasa sinadarin gina jiki na alkama ko waken suya, kuma shi ne yake fitowa idan iyayenmu mata sun dafa kalwa sun rufe ta kwana biyu ko uku ta zama daddawa. Daddawar batso da ake yi da gurguzu, wadda Fulanin wajenku suke kira mbuja, da kawal da ake yi da ganyen tafasa a gabashin Chadi, duk hanyar ruɓarwa ɗaya suke bi. Abin da kamfani ya fi mu da shi shi ne dunƙulen da aka saya a Kusiri bara da wanda aka saya a Abeche bana ɗanɗanonsu ɗaya, alhali daddawar mace ɗaya takan bambanta daga mako zuwa mako.

Malama Hadiza, Marwa

Yaya, bari in taɓo rabin tambayarki na biyu, wanda malaman nan suka tsallake. Kada ki yi sha'awar takardar mallakar ƙirƙira da ake kira brevet, domin sharaɗinta shi ne ki bayyana yadda ake yin abin dalla-dalla, a wallafa kowa ya karanta, kariyar kuma ta ƙare bayan shekara 20. Ban da haka, da wuya haɗin barkono da tafarnuwa da citta ya cika sharaɗin zama sabuwar ƙirƙira. Wannan ne ya sa kamfanonin abinci suka fi son riƙe haɗinsu a matsayin sirrin kasuwanci, wanda ba shi da wa'adi muddin bai fita ba, ko da yake ba ya hana wani ya ɗanɗana ya gano da kansa.

Dabarar da aka san su da ita ita ce raba aikin, yadda babu ma'aikaci ɗaya da yake ganin farko da ƙarshe. Ke ma za ki iya auna busassun kayan yajinki ki daka su a gida, ki kai wa yaran aikinki garin yajin a ƙulle da awon kowace tukunya, su kuma su tsaya a kan wanki da markaɗe da ɗuri. Ki rubuta awon da sikeli, ba da cokali ko tafin hannu ba, domin hakan ne zai magance matsalar da Alhaji ya ambata.

Maman Sadiya, Garwa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malama Hadiza, idan haɗin ba ya rajistuwa, sunan da na liƙa a kwalbar fa? Na riga na ga wani barkono a kasuwa da takarda mai kama da tawa.

Malama Hadiza, Marwa

Sunan da tambarin su ne abin da ya kamata ki yi wa rajista, Yaya, kuma gara ki hanzarta, domin a tsarinmu wanda ya riga shigar da takarda shi ne mai suna. Hukumar kare mallakar fasaha ta Afirka (OAPI) da ke da hedikwata a Yawunde, wadda yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta kafa, ita ce take wannan aiki, kuma rajista ɗaya tana aiki a ƙasashe 17, ciki har da Kamaru da Chadi da Nijar. Wa'adinta shekara 10 ne, ana kuma sabuntawa. Kafin ki biya kuɗi, ki nemi a fara duba miki ko wani ya riga ya ɗauki sunan a rukunin kayan abinci.